Kai Yara Wurin Wasa a Dubai da Abu Dabi Cikin Zafi: Na Cikin Gini, na Fili, ko na Ruwa?

Dogon hutun makarantunmu yakan faɗo ne daga ƙarshen Yuli zuwa farkon Satumba, wato daidai lokacin da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa take tafasa. Duk maigidan da Allah ya hore wa, biza ta fito, ya ce bana zai tafi da iyali Dubai, ko dai takanas ko ya haɗa da saro kaya, abu na farko da yara za su roƙa shi ne a kai su wurin lilo. Nan ne lissafi yake rikicewa. Wuraren suna da yawa, kuɗin shigarsu kusan ɗaya, hotunansu a intanet duk gwanin sha'awa, kuma hoto ba ya nuna zufa.

Mu da muka taso a Kano, Sakkwato ko Maiduguri mukan raina zafin ko'ina, mu ce ai mun ga bazara. Ni ma haka na ce. A Yuli da Agusta zafin Dubai da rana yakan kai digiri 41 ko ya ɗara, da dare kuma da ƙyar yake sauka ƙasa da 30. A lissafi bai fi na Afrilunmu da komai ba. Bambancin yana cikin iska. Namu busasshe ne, nasu kuma jiƙe yake da laimar teku. Ku tuna randa: da hunturu da bazara ruwanta sanyi ƙalau, domin raɓar da take tsattsafowa ta jikinta tana bushewa ta tafi da zafi. Da damina ta kankama sai ruwan ya zama salam, saboda iskar ta riga ta ƙoshi da danshi. Jikin mutum randa ne. A Dubai cikin Agusta gumi yana zuba amma ba ya bushewa, don haka ba ya sanyaya komai. Hukumar ƙasar da kanta ta hana a sa ma'aikata aiki a rana daga 12:30 zuwa 3:00 na yamma, tun daga 15 ga Yuni har 15 ga Satumba kowace shekara. Idan an hana ƙaton lebura tsayuwa a wannan rana, a yi tunani kafin a tsayar da ɗan shekara biyar a layi.

Shekarar da na fara kai nawa iyalin, na zaɓi wani wuri na fili don tikitinsa ya ɗan fi sauƙi. Muna fita daga tasi gilashin idona ya yi fari fat da tururi, sai da na cire na goge da bakin riga. Kafin azahar ƙaramar 'yata, wadda tun a otal take tsalle, ta yi shiru. Ta kwantar da kai a kafaɗar mahaifiyarta ta ce, "Umma, kaina yana juyawa." Leɓenta ya bushe, gorar ruwan da ke hannunta ta yi ɗumi kamar an ɗora a wuta. Muka shige wani gidan abinci muka zauna kusan awa biyu, muna ba ta ruwa kaɗan-kaɗan har ta dawo daidai. Lilo uku aka hau ranar. Tun daga nan na daina tambayar wane wuri ya fi lilo, na koma tambayar minti nawa mafi rauni a cikinmu zai yi a wajen sanyi.

Ma'aunan da za a duba

Na farko, ina layin yake. Wannan ya fi komai. Hawa lilon bai wuce minti biyu ko uku ba, jiran layi kuma yana iya cin rabin awa ko fiye. Wuri yana iya cewa yana da esi, alhali esin a gidan abinci da shagon tsaraba kawai yake. A tambayi inda ake tsayawa, da hanyar da ake bi daga wannan wasa zuwa wancan.

Na biyu kuɗi, amma ba na tikiti kaɗai ba. Manyan wuraren nan tikitin yini ɗaya na mutum guda yana kaiwa wajen dirhami 300 zuwa 400, yana hawa da sauka gwargwadon lokaci da inda aka saya. Dirhami a ɗaure yake da dalar Amurka, kusan 3.67 a dala ɗaya, saboda haka lissafinsa a naira ba wuya. A ƙara kuɗin mota, abinci da ruwa, domin yawancinsu ba sa barin a shiga da abincin waje. Sannan a raba jimillar da awannin da za a iya zama da gaske.

Na uku ƙarko: awa nawa iyali za su jure a ciki, kuma wata nawa a shekara wurin yake moruwa. Na huɗu sauƙin zuwa da sauƙin yawo da keken jariri ko dattijuwa. Na biyar haɗari ga lafiya. Masallaci da abincin halal ban sa su cikin ma'auni ba, don a ƙasar kusan ko'ina akwai.

Waɗanda suke cikin gini gaba ɗaya

Uku ne manya. IMG Worlds of Adventure a Dubai, wanda aka buɗe a Agustan 2016, faɗinsa wajen murabba'in mita 140,000, kusan filin ƙwallo ashirin ke nan a ƙarƙashin rufi ɗaya. Warner Bros. World a tsibirin Yas na Abu Dabi, an buɗe shi a Yulin 2018, ya ɗan fi IMG girma, an raba shi unguwa shida. Sai SeaWorld Abu Dhabi, shi ma a Yas, wanda ya zo a Mayun 2023, ya fi karkata ga kallon halittun ruwa fiye da lilo.

A nan layi, hanya, banɗaki, wurin cin abinci, duk a cikin sanyi suke. A Warner Bros. an yi wa rufin ado da fitilu har ya zama kamar sararin sama, sai ka manta ƙarfe nawa. Na ga wata dattijuwa zaune kan benci da carbinta tana kallon jikoki, daga hantsi har bayan la'asar, ba ta ko nemi mafici ba. Wannan shi ne abin da ake biya. Iyali suna iya yin awa shida ko bakwai, su yi azahar da la'asar a ciki, su fito da sauran ƙarfinsu. Janairu da Agusta duk ɗaya ne a wurinsu.

Lahaninsu ba a rasa ba. Makarantun ƙasar su ma suna hutu a Yuli da Agusta, kowa kuma cikin gini yake gudu, don haka Asabar da Lahadi akwai cinkoso. Tun farkon 2022 hutun ƙarshen makonsu ya koma waɗannan ranaku biyu, Juma'a rabin yini. A je tsakanin Litinin da Alhamis. Hayaniya ma tana da yawa saboda rufi yana mayar da sauti, wasu sassan kuma duhu-duhu ne da gangan, abin da kan firgita ƙaramin yaro. Ga sanyin kansa: yaron da ya shigo jiƙe da gumi ya tsaya a ƙarƙashin iska mai sanyi, kafin awa ɗaya zai fara rawar ɗari. A sa 'yar rigar sanyi marar nauyi a jaka, ko da kuwa ɗaukarta a Agusta ya yi kama da rashin kan gado.

Wajen zuwa, IMG yana kan titin Sheikh Mohammed bin Zayed, jirgin ƙasa na cikin gari bai kai can ba, sai tasi. Yas kuwa tafiyar wajen awa guda ce daga tsakiyar Dubai, zuwa da dawowa a tasi kuɗi ne mai kauri. Abin da yake rage asarar shi ne tikitin haɗaka na wurare biyu ko uku na tsibirin, wanda yake fin sayen ɗai-ɗai araha sosai, ga kuma motar Yas Express da take zagaya tsibirin kyauta. Wanda zai yi wurare biyu gara ya kwana ɗaya a can.

Ferrari World: rufi akwai, amma zakarun suna waje

Na ware shi daban don yana ruɗar mutane. An buɗe shi a Nuwamban 2010, ƙarƙashin wani makeken jan rufi, kuma cikinsa sanyi ne kamar sauran.  Haɗe yake da Yas Mall, ana shiga daga wannan zuwa wancan ba tare da an taka rana ba.

Sai dai abin da ya yi masa suna, Formula Rossa, a waje yake gudu. Yana kaiwa kilomita 240 a awa cikin ƙasa da daƙiƙa biyar, har sai an ba ka tabarau na kariya saboda yashi da ƙwari. Flying Aces ma waje yake fita. Fitar ta ɗan lokaci ce, lafiyayyen saurayi ba zai damu ba. Matsalar ita ce lilon waje ana iya dakatar da shi saboda iska, ƙura ko gyara, kuma wanda ya biya tikiti don shi kaɗai zai koma da takaici. A duba shafinsu da safen ranar. Haka kuma da tsayi ake tantance mai hawa, ba da shekaru ba. Iyalin da yaransu duka ƙanana ne za su ga ana juya su a bakin manyan lilon. A auna tsayin kowane yaro tun a gida, a gwada da abin da aka rubuta. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Masu rabi ciki rabi waje

Motiongate da Legoland suna Dubai Parks and Resorts, can Jebel Ali kan hanyar Abu Dabi, duka an buɗe su a ƙarshen 2016. A Motiongate sashen DreamWorks a cikin gini yake, babba ne, yana iya cin awa biyu ko uku. A Legoland ma filin Miniland, inda aka gina ƙananan siffofin manyan gine-gine, a rufe yake da sanyi. Wasanni da dama a ɗakuna suke. Amma hanyoyin da suke haɗa su fili ne, kuma filin daɓe ne da yake shan rana tun safe ya yi ta amayar da ita har bayan magariba.

Kada a dogara da fanka mai feshin ruwa a duk inda aka gan ta. A busasshiyar iska irin ta Agadas ko Nguru abin kirki ce, domin feshin yana bushewa nan take ya sanyaya wuri. A laimar Agusta jiƙa ka kawai take yi. Inuwa ma tana tare rana ne, ba ta taɓa laima.

Tikitinsu yakan ɗan fi sauƙi, da zafi kuma ana yawan yin rangwame, layi ma gajere ne. Araha dai ba ta ado: wanda ya shiga da hantsi zai ƙare a gidan abinci yana sayen lemo. Idan dole sai nan, a shiga bayan la'asar, a fara da sashen cikin gini, a bar na waje sai rana ta faɗi. Awa uku zuwa huɗu za a mora. Daga Nuwamba zuwa Maris kuwa labarin ya juya gaba ɗaya, a lokacin ni na fi son su a kan na cikin gini, musamman Legoland ga 'yan shekara biyu zuwa goma sha biyu, waɗanda don su aka yi shi.

Wuraren wasan ruwa

Wild Wadi na kusa da Burj Al Arab tun 1999 yake. Aquaventure yana otal ɗin Atlantis a tsibirin Palm Jumeirah tun 2008. Yas Waterworld ya zo a 2013. Hankali zai ba ka cewa maganin zafi ruwa, kuma da gaskiya a ciki, tunda sukan daidaita sanyin ruwansu, ba kamar tekun ba da yake wuce digiri 30 a Agusta, ka shiga kamar ruwan wanka.

Amma a nan ne aka fi yaudaruwa. Ba a cikin ruwa ake wuni ba. Ana hawa matakala mai tsawo, wani lokaci da tayar roba a kafaɗa, ana tsayawa layi, ana taka daɓe mai ƙona tafin ƙafa. Mutum yana jiƙe, ba ya jin ƙishi, ba ya ganin guminsa, alhali ruwan jikinsa yana ƙarewa. Baƙar fata ma rana tana ƙona ta, a shafa man kariya a kafaɗa da wuya da hanci, a sa wa yara takalmin roba. A tilasta shan ruwa duk bayan ɗan lokaci ko ba a nema ba. Masu ceto suna ko'ina, amma idon uwa da uba ba ya da madadi, ƙaramin yaro kuma a ruwa kaɗan yake nutsewa, shiru ba ihu.

Sai batun sutura, wanda a gidajenmu ba ƙaramin abu ba ne. An yarda da kayan ninƙaya masu rufe jiki, ana ma sayar da su a can, amma doguwar riga ko mayafi mai yawo ba a barin a hau silalo da su, don suna iya maƙalewa. Wurin gauraye ne, za a ga shiga iri-iri. Yas Waterworld yakan ware wasu lokuta na mata zalla. Uwargidan da take so ta shiga ruwa da 'yan matanta ta nemi jadawalin kafin a yanki tikiti. A lissafa kuɗin akwatin ajiya da tawul, su ma ba kyauta ba ne.

| Ma'auni | Cikin gini | Ferrari World | Rabi da rabi | Na ruwa |
|---|---|---|---|---|
| Layi da hanya | duka a sanyi | a sanyi, manyan lilo suna fita | hanya a rana | yawanci a waje |
| Tikiti | mai tsada | mai tsada | ɗan sauƙi, da rangwame | matsakaici zuwa tsada |
| Zaman da za a jure a Agusta | yini guda | yini guda | awa 3 zuwa 4 da yamma | rabin yini |
| Lokacin da ya fi | duk shekara | duk shekara | Nuwamba zuwa Maris | Afrilu, Mayu, Oktoba |
| Dattijai da jarirai | ya dace | sai kallo | wahala | wahala |
| Babban haɗari | sanyi bayan gumi, cinkoso | rufe lilon waje | galabaita | ƙishi, ƙunar rana, nutsewa |

Maganar lafiya, musamman masu sikila

Wannan sashe nake roƙo a karanta ko an tsallake sauran. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu ciwon sikila, da wuya a rasa mai shi a dangi. Ƙarancin ruwa a jiki da sauyin yanayi na farat ɗaya, daga zafi zuwa sanyi, duka suna cikin abubuwan da suke tayar da ciwon. Tafiya Dubai da zafi kuwa ba komai ba ce sai shiga da fita tsakanin tanda da firji. Ga irin wannan yaro wuri mai rabi ciki rabi waje ya fi kowanne muni, don sau goma za a tsallaka da shi a yini. Ruwa mai sanyi da tsayuwa a jiƙe ma ba nasa ba ne. Ski Dubai da ke Mall of the Emirates, inda ake wasa da ƙanƙara a sanyin da ya gaza sifili tun 2005, abin sha'awa ne ga sauran yara, jirgin ƙasa ma yana kaiwa har ƙofar kantin, amma shi a bar shi sai likitansa ya amince. Wuri guda mai sanyi daidai, da rigar sanyi da gorar ruwa a hannu, shi ya fi masa. Mai asma ya riƙe abin shaƙarsa, busasshiyar iskar esi takan taso da ita.

Ga kowa da kowa: ciwon kai, jiri, tashin zuciya, fitsari ya yi ja ya ragu, yaro mai surutu ya yi tsit, alamun galabaita ne. A kai shi sanyi, a sassauta kaya, a ba shi ruwa a hankali, ko ruwan gishiri da sukari na leda in an zo da shi. Idan ya fara sambatu ko ya suma, a kira ma'aikatan wurin nan take su kawo agaji, lambar motar asibiti a ƙasar 998 ce.

Wa ya dace da me

Mai tafe da kaka, mai ciki, jariri ko yaro mai lalura, a Yuli ko Agusta: Warner Bros. World ko SeaWorld. Na biyun ya fi natsuwa, dattijai sun fi jin daɗin kallon kifaye a kan ƙarar lilo.

Ɗan kasuwar da ya sauka Deira, unguwar kasuwanni ta Dubai, yini ɗaya kacal zai iya warewa, ba ya son doguwar hanya: IMG, ranar aiki, a shiga da an buɗe.

Mai samari da 'yan mata da suka girma, masu neman abin da zai kaɗa musu hanji: Ferrari World, a haɗa shi da Warner Bros. a tikiti ɗaya, a kwana a Yas.

Mai yara lafiyayyu da suka iya ruwa: wurin ruwa, da sassafe ko bayan la'asar, a bar tsakar rana a otal.

Wanda aljihunsa ya matse kuma ya ga rangwamen Motiongate: ya saya, amma ya ɗauka tikitin yamma ya saya.

Wanda kuma zai iya ɗage tafiyar zuwa hutun Disamba, wata ƙofar ta buɗe masa. Zafin rana a lokacin wajen digiri 25 ne. Kuɗin jirgi da otal sun fi tsada, amma Motiongate da Legoland suna moruwa daga safe har dare, ga kuma Global Village, filin baje koli da wasanni na Dubai, wanda a rufe yake duk tsawon zafi, sai daga Oktoba zuwa wajen ƙarshen Afrilu. Da yamma ake buɗe shi, kuɗin shiga bai kai dirhami 50 ba, lilo ne ake biya daban, kuma uwargida za ta yi cefanen tsarabarta a rumfunan ƙasashe yayin da yara suke wasa.